Takardar Gas Ɗin Da Baba Bai Ƙarasa Ba

Wata bakwai ke nan da rasuwar Baba, mahaifin maigidana, kuma tun bayan sadakar arba'in nake ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba. Sannan ni suruka ce. Shekara goma sha tara ina gidansa ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa kiran sunansa ba, a nan ma ba zan kira ba. Sai nake ta tsoron kada a ce matar ɗa ta yi zaƙewa, ga 'ya'yan cikinsa nan, har da mai karatu a jami'a. Da na gaya wa Inna, matarsa, abin da ke raina, sai ta ce, "Ke dai kin fiye saƙe-saƙe. A cikin 'ya'yan nasa wa ya sha wahalar takardunsa kamarki? Rubuta abinki." Shi ya sa na zauna.

Baba malamin gona ne, ya yi ritaya tun kafin a kawo ni gidan. Amma ba da wannan aka fi saninsa a Wudil ba. Kaya sukan zo kasuwa da ɗan littafin bayani a cikin kwali, da Turanci, wani lokaci ma da wani rubutu da ba wanda ya san ta ina ake fara shi. Injin ban ruwa, famfon feshi, injin markaɗe, keken ɗinki. Sai Baba ya zauna ya rubuta yadda ake aiki da abin a takarda guda ɗaya tak, gaba da boko, baya da ajami. Ya kai a buga, ya raba. Wanda ya samu shi ma ya kai a buga wa ɗan'uwansa. Bai taɓa sa sunansa a kan ko ɗaya ba.

A kwana ukun zaman makoki na san nisan da takardun nan suka yi. Maigidana ya ba ni labarin abin da ya faru a ƙofar gida. Wani manomi daga Ɗankaza, bayan ya yi addu'a an shafa, ya zaro takarda daga aljihu, a naɗe cikin leda, ta yi baƙi ƙirin da mai. Ya ce, "An ce mai wannan ne Allah ya yi wa rasuwa. Ni ban san shi ba, ban taɓa ganinsa ba. Amma rani shida ke nan da ita nake tayar da injina." Sai na kusa da shi ya ce ai shi ma yana da ta feshi a gida. Wani ya ce tasa akuya ta cinye rabi, amma ya riga ya haddace. Aka fara dariya ƙasa-ƙasa, har sai da liman ya yi gyaran murya, alhali shi ma gemunsa na rawa. Aminin Baba, tsohon bakanike, yana kuka yana cewa, "Mutumin nan ya so ya kashe min kasuwa, Allah ya jiƙansa."

A cikin gida kuwa wata tambaya ce ta dame ni. Maƙwabciyarmu mai injin markaɗe ta gama yi wa Inna gaisuwa, sai ta rage murya ta ce, "Ta gas ɗin fa, Inna? Ya samu ya gama ta?" Inna ta girgiza kai. Matan da ke kan tabarma suka juyo gaba ɗaya suka kalle ni. Na san abin da kallon yake nufi. Suna jiran in ƙarasa takardar da ya bari, takarda ce kuma ta wuta, wadda kuskure ɗaya a cikinta zai iya ƙona gida da yara.

Dalilin da ya sa ni suka kalla yana da tarihi.

Ban cika shekara da tarewa ba, wata safiya na fito na tarar da injin ban ruwa a tsakar gida, ga duro cike da ruwa a gefensa. Inna ta miƙo min takarda ta ce, "Malam ya ce ki tayar da wannan. Kada kowa ya gaya miki komai, abin da ke rubuce kawai za ki bi." Ni 'yar ƙauyen Indabo ce, na ga inji a gonar mahaifina, amma ban taɓa sa masa hannu ba. Baba na zaune a zaure bayan asabari, ina jin tarinsa. Na karanta layi na ɗaya sau uku kafin na yi shi. Na duba baƙin mai, na cika kan injin da ruwa, na sa tiyo a duro. Layi na biyar ya ce a ja igiya. Na ja. Na sake ja. Na ja har gumi ya jiƙa min ɗankwali, inji ko tari bai yi ba. Tambaya na cin raina, amma ta ina matar ɗa za ta ɗaga murya ta tambayi uban mijinta?

Inna ce ta gaji. Ta ce, "Malam, 'yar mutane za ta tsinke hannu fa."

Ya ce, "Tambaye ta layi na nawa take."

"Ta ce na biyar."

Can sai muka ji ya fashe da dariya, irin dariyar nan tasa da ke ƙarewa da tari. Ya ce, "Ba laifinta ba ne. Ban rubuta a buɗe ɗan makullin da ke sakin mai ba. Hannuna ya sani, bai gaya wa birona ba."

Inna ta kai masa takardar, ya ƙara layi, ta dawo da ita. Ja ɗaya na yi inji ya tashi. Sai dai takardar ba ta faɗi inda za a nufa da bakin tiyo na biyu ba. Ruwa ya yi tsalle ya wanke kuɓewar da Inna ta shanya, ya kori kaji, ya bi ta ƙarƙashin asabari ya jiƙa wa Baba buzunsa. Inna na salati tana kwashe kuɓewa, shi kuwa daga zaure yana cewa, "Madalla. Rami na biyu ke nan a rubutuna. A kawo min takardar."

Daga ranar duk abin da ya rubuta sai ya bi ta hannuna. Na daɗe ina zaton jarraba hankalina ake yi, har Inna ta warware min. Ta ce da can 'ya'yansa yake ba wa. Da sun maƙale sai su ce, "Baba, nan me kake nufi?" Shi kuma baki ya riga shi, ya yi musu bayani, su yi daidai, takarda ta fita duniya da raminta. Ni kuwa kunya ta rufe bakina, ta rufe nasa. Ta ce cewa ya yi, "Manomi a bakin kogi ba ni a kusa da shi. 'Yar Indabo kuwa ko ina kusa da ita, daidai yake da ba na nan. Ita ce manomina."

Kafin ya rubuta kalma ɗaya, sai ya taɓa abin da hannunsa. Zai je wurin wanda ya iya, ya shimfiɗa buzu, ya wuni yana tambaya kamar wanda bai san komai ba, ga shi da furfura. "In na matsa nan fa? In na manta wannan fa? Mene ne mutane suka fi ɓatawa?" Ya dawo da littafinsa cike fal, sannan ya fara yankewa. Inna takan ce rubutunsa kamar tankaɗe ne, abin da yake zubarwa ya fi abin da yake ajiyewa. Ba ya haɗa aiki biyu a layi ɗaya, domin ya ce mai karatu hannunsa ɗaya na kan inji, ɗaya na riƙe da takarda. Gargaɗi kuma kullum a sama yake sa shi. Ya ce, "In ka rubuta 'kada ka taɓa, da zafi' a layi na goma, mutum ya riga ya ƙone a na tara."

Akwai ranar da na wuni a gaban famfon feshi ban zuba komai ba. Da ruwan banza ma nake gwajin, ba da magani ba. Takarda ta ce a zuba magani daidai gwargwado. Na ɗauki murfi na ajiye, na ɗauki kofi na ajiye. Azahar ta yi. Inna ta leƙa zaure ta ce, "Ta tsaya. Wai ba ta san gwargwadon wa ake nufi ba, naka ko nata." Na so ƙasa ta tsage in shige, domin ban ce ta faɗa haka ba. Ya soke kalmar, ya zana murfin kwalbar ya ja layi inda magani zai tsaya. Zane kam Allah bai ba shi ba. In ya zana hannu yana nuna wani abu, Auta, ƙaramar 'yarsa, takan ce, "Baba, wannan hannu ne ko ƙafar kaza?" Ya ce, "Ƙafar kazar ta nuna miki wurin ko ba ta nuna ba?"

Da yamma na roƙi Inna ta ba shi haƙuri, na ɓata masa wuni saboda ƙwaƙwalwata ba ta ja. Amsar da ya aiko har yau ina riƙe da ita. Ya ce, "Ki gaya mata tsoron nan nata shi nake nema. Mai saurin ganewa yakan cike min rami da hankalinsa ya wuce, ban san yana nan ba. Ita kuwa tsayawa take yi a bakinsa har in zo in gani." Tun ina yarinya ake min faɗa kan yawan fargaba. Shi ne mutum na farko da ya ce abin yana da amfani.

Rigimarsa da amininsa bakanike kuwa duk unguwa ta san ta. Da takardar injin ban ruwa ta bazu, bakanike ya zo ƙofar gida ya ce, "Da, mutum in injinsa ya ƙi tashi ni yake nema. Yanzu kowa ya zama injiniya. Kai da kake cin fansho, ni me zan ci?" Baba ya ce, "Sarkin baƙin mai, kai da za ka goge fulogi ka yi ta huci kamar ka sauke injin mota?" Ba su yi gaba ba, Baba ya ce addini bai yarda ba. Amma mutanen da sukan yi gaisuwa tun daga gajiya har zuwa lafiyar awaki, sai ga shi ta koma "Lafiya?" "Lafiya." Inna ta ce gara zagi da wannan.

Abin da ya shirya su, wani ne ya bi takardar, inji bai tashi ba, sai ya ɗauki sifana ya kwance shi gaba ɗaya, ya kai wa bakanike a cikin buhu. Da Baba ya ji, ya ɗauki buzunsa ya tafi gareji. Ya ce, "Na yi kuskure. Na gaya musu abin da za su yi, ban gaya musu inda za su tsaya ba. Kai ka san wurin. Faɗa min." Suka wuni tare. Tun daga nan takardar ke ƙarewa da cewa, in ka yi waɗannan duka bai tashi ba, kada ka kwance komai, kai wa bakanike. Aminin nasa ya ce, "To ka sa 'bakaniken bakin gada' mana." Baba ya ce, "Ban sa nawa sunan ba, naka zan sa?"

Auta ce, da ta shiga jami'a, ta zo masa da labarin cewa abin nan da yake yi sana'a ce sukutum, tana da suna da Turanci, ana ɗaukar mutane aiki dominta, a kwamfuta suke yi. Ta faɗi sunan, ban riƙe ba. Baba ya ce, "Ashe ni ma'aikaci ne ban sani ba." Bayan nan ta turo masa ɗalibai biyu da suka ƙera injin ƙyanƙyasar ƙwai, suka rubuta masa bayani shafi ashirin. Ina jin su daga tsakar gida. Ya ce, "Mai kaji in ya buɗe wannan, me yake so ya fara sani?"

Ɗaya ya ce, "Yadda ake kunnawa, Baba."

"Yana shafi na nawa?"

Suka yi ta buɗawa. "Na sha huɗu."

"Na ɗaya zuwa sha uku fa?"

"Tarihin kiwon kaji ne."

"Allah sarki. Kafin ya gama tarihi ai ƙwai ya ruɓe."

Suka rage shi zuwa shafi biyu, aka shigo min da shi tare da injin. Na maƙale a wuri ɗaya. A sama sun ce a buɗe murfi, a ƙasa sun ce a rufe ƙofa, ni kuwa na zagaye injin ina neman ƙofar. Ashe abu ɗaya ne suka ba sunaye biyu. Na ji ransu bai so a ce mai firamare ce ta kama su ba. Amma bayan wata guda suka dawo da 'yan tsaki goma a kwali. Baba ya ce, "A kai ciki. Ni ɗan aike ne, mai gyaran tana can."

Takardarsa ta ƙarshe ita ce ta gas. Itace ya yi tsada, mata suka koma sayen ƙaramar tukunyar gas ɗin nan da ake ɗaura wa kai a sama a ɗora girki. Wata a layinmu ta babbake girarta da gefen mayafinta, Allah ya tsare abin ya tsaya nan. Baba ya sayo tukunya, ya je ya zauna da mai sayar da gas, ya fara rubutu. Wannan ce kaɗai takardar da ya rubuta da "ki". Ya yi layi shida ciwo ya kwantar da shi. Layi na bakwai ya tsaya ne a kan, "In kin ji warin gas," bai ƙara komai ba. Ranar Talata da hantsi ya cika.

Na ajiye takardar a ƙasan akwati wata biyar. Duk wadda ta tambaya sai in ce ina nan ina dubawa. A raina kuwa cewa nake yi, ruwa in na yi kuskure kuɓewa ce za ta jiƙe, wannan fa? Wa zan aika wa ya duba min? Sai wata rana na shiga gidan mai markaɗe, na ga 'yarta ta murɗa gas ta bar shi yana huci, ta tafi ɗaki neman ashana. Na yi maza na rufe shi. A hanyar komowa na gane cewa ɓoye takardar ma kuskure ne, kuma shi na riga na yi shi.

Maigidana ya kai ni wurin mai sayar da gas ɗin. Na tambaye shi komai sau uku, har ya ce wa maigidana, "Alhaji, wannan ai ta fi tsohon." Na dawo na rubuta: kada ki ƙyasta ashana, kada ki taɓa makunnin lantarki, ki buɗe ƙofa da taga, ki fitar da yara, ki fitar da tukunyar fili. Kowane a layinsa. Sannan na ɗauke su duka na mai da su saman takarda. Auta ta buga min bokon a kwamfuta. Ajamin ni na rubuta da hannuna, kwana huɗu ina yi.

Saura gwaji. A gidanmu mutum ɗaya ce ba ta taɓa kusantar gas ba, ita ce Inna, wadda ke kiransa bam. Na yi kwana biyu ina zagaye kafin na iya roƙonta. Ta ce, "Ashe ramuwa kika zo yi." Aka ajiye tukunyar a tsakar gida, maigidana ya tsaya nesa kaɗan da bokitin yashi. Inna ta ce, "Shiga ɗaki ki saki labule. In na ji bakinki na fasa."

Ta sa tabarau, ta juya gefen ajami, tana karantawa a fili. Ta gyara wa tukunya zama. Ta shafa kumfar sabulu a mahaɗa, ta duba, ba ƙwai-ƙwai da ke tasowa. Sai na ji karatun ya tsaya. Na leƙa ta gefen labule, ta ɗora hannu a kan makunni ta tsaya.

Ta ce, "An ce in tabbata a rufe yake. Dama ake murɗawa ko hagu?"

Maigidana ya buɗe baki, ta harare shi ya rufe.

Ta ce, "To ni ma na zauna." Ta ja kujera 'yar tsugune ta zauna ta harɗe hannu.

Na aiko aka karɓo takardar. Layin da ta tsaya a kai ba nawa ba ne, na Baba ne. Na daɗe ina kallonsa, ina jin nauyin sa biro a kan rubutunsa. Sannan na zana kibiya mai lanƙwasa, na rubuta "rufe" a bakinta, wata kibiyar na rubuta "buɗe". Inna ta karɓa, ta ƙyasta ashana tukuna, sannan ta murɗa a hankali. Wuta ta kama shuɗiya, lumui. Ta ɗora tukunyar shayi. Ta juya wajen zauren da ba kowa a ciki ta ce, "Malam, ka ji ko? A naka layin na maƙale, ba a nata ba." Ta yi dariya har ta share ido da bakin zani. Mu duka muka sha shayin, ko da yake ta manta sukari.

Takardar ta fita yanzu, tana gidaje da dama. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya sa abin da ya rubuta ya zame masa sadaka mai gudana.

Ina da roƙo biyu. Mun tattara takardunsa goma sha ɗaya, amma Inna ta ce sun fi haka, har akwai ta maganin shanu da ya yi wa mutanen kasuwar Juma'a. Duk wanda ke da wata, ko ta yage, ya ba mu aro mu kwafa, za mu mayar masa. Na biyun ya fi damuna. A cikin kan gas akwai wata 'yar roba da ke hana yoyo. Na tambayi masu sayarwa biyu yaushe ya kamata a canza ta, kowa ya faɗi nasa daban, saboda haka ban rubuta ko ɗaya ba. Wanda ya san gaskiyar abin, wanda aikinsa ke nan ba wanda ya ji an ce ba, don Allah ya aiko ta hannun wadda ta ba shi takardar, saƙon zai iso ni. Wadda kuma ta ga fili a ƙasan tata takardar, kada ta ɗauka mantuwa ce. Wurin wannan amsar na bari.